Kibiyoyin Ƙarya a Jinin Agbogbloshie

Malam, na karanta shawararka cewa a ɗebi jinin samarin da suka yi sana'ar ƙona wayoyin lantarki a unguwar Agbogbloshie ta Accra, a bi ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya da manhajar scVelo, wai kibiyoyinta za su nuna inda hayaƙi ke kora garkuwar jiki. Niyyarka mai kyau ce, amma ka ɗauki ma'aunin da ba na wannan aiki ba.

Hanyar da scVelo ke bi, tun da La Manno da abokansa suka fito da ita a 2018, tana gwada RNA ɗin da ba a gama gyarawa ba da wanda aka gama, sannan ta yi hasashen inda ƙwaya ta nufa. Tana amfani ne inda ƙwayoyi ke kan girma, kamar cikin ɓargo. To jinin da ake zuƙowa daga jijiyar hannu fa? Yawancin fararen ƙwayoyinsa sun riga sun nuna, ba inda za su. Manhajar kuwa ba ta taɓa cewa "ban ga komai ba", sai ta zana kibiya ko ta halin ƙaƙa. Bergen, wanda ya ƙirƙiro scVelo, da kansa ya yi wannan gargaɗi a 2021 kan irin wannan jini.

Tambayarka ta kwatanci ce. A samo jinin masu ƙona waya da na 'yan unguwar Nima ko Maamobi da ba sa sana'ar, a ƙirga nau'in ƙwayoyi, a haɗe bayanan kowane mutum wuri guda kafin a kwatanta, domin ƙwaya dubu daga mutum ɗaya shaida ɗaya ce. A kuma auna dalma a jinin kowa, aikin da ma ya fi araha.