Wasan Yara Aka Ce? Martani Ga Masu Raina Fim Ɗin 'Yar Tsana

A makon al'adu na sashenmu da ya gabata, wata ɗaliba 'yar aji uku ta nuna wani ɗan fim na minti uku da ta haɗa da wayarta ta hannu. Babu mutum ko ɗaya a cikin 'yan wasan. Gizo ne da aka naɗa da waya da ƙyalle, sai wata kura ta roba irin wadda ake sayar wa yara a kasuwa, sai kuma 'yar tsana mai ɗankwali a matsayin Ƙoƙi. A gaban idonmu Gizo ya ɗaura wa kura sirdi, ya sa mata linzami, ya hau ta yana zabga mata bulala, zaure kuwa ya ruɗe da dariya da tafi. Da alƙalai suka zauna rabon maki sai aka tsame aikin daga gasar, wai wasan yara ne, ba ya cikin adabi. Muna wurin aka yanke wannan hukunci, kuma muka yi shiru. Wannan shirun ne muke so mu warware a nan, domin kuwa an yi kuskure, kuma idan ba a faɗa ba za a maimaita.

Bari mu fara da bayyana wahalar da ke cikin abin da aka raina. Fim dai jerin hotuna ne marasa motsi, waɗanda ake giftawa da sauri har ido ya ɗauka motsi yake gani. Na silima yana gifta hoto 24 a kowace daƙiƙa. Mai fim ɗin 'yar tsana, wanda muka ga ya dace a kira shi fim ɗin ɗauki-ɗai-ɗai, shi ke ɗaukar waɗannan hotuna da hannunsa. Sai ya tsayar da 'yar tsana ya ɗauki hoto, ya gusa hannunta kamar faɗin ƙwayar gero ya sake ɗauka, haka har motsin ya kammala. Masu koyo sukan wadatu da hoto 12 a daƙiƙa, wato hoto 720 ke nan a minti ɗaya, minti uku kuwa ya kama hoto 2,160. A duk tsawon wannan aiki dole kyamara ta kafe wuri ɗaya, kuma dole a rufe taga a yi aiki da fitila, domin hasken rana yana sauyawa, ya sa hoton ya riƙa walƙiya. Gwiwar hannu ta bugi teburi sau ɗaya, aikin yini ya lalace. Wanda ya raina tsayuwar wata, in ji Bahaushe, ya hau ya gyara.

Wannan fasaha kuma ba jiya aka fara ta ba. Tun a 1912 Ladislas Starevich ya yi fim a Rasha da matattun ƙwari da ya ɗaura wa waya a gaɓoɓi. Goggon birin nan na King Kong da ya firgita Amurka a 1933 ɗan mutum-mutumi ne da Willis O'Brien ya riƙa motsawa da hannu. Ray Harryhausen ya shafe fiye da wata huɗu a kan faɗan ƙwarangwal bakwai na fim ɗin Jason and the Argonauts na 1963, faɗan da bai wuce 'yan mintuna ba. A Ingila, Nick Park yana ɗalibi ya fara fim ɗin A Grand Day Out a matsayin aikin makaranta, bai fito ba sai 1989. Da malamansa sun ce masa wasan yara yake yi, da duniya ba ta san Wallace da Gromit ba.

Watakila wani ya ce ai duk waɗannan Turawa ne. To, mu ƙetara iyaka zuwa Nijar. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya daɗe yana zaune a Tawa, kuma ana lissafa shi cikin magabatan fim ɗin zane da na 'yar tsana a Afirka. Da 'yan tsana ya yi Samba le Grand a 1977, ya kuma yi Kokoa, inda kwaɗi da sauran dabbobi ke kokawar gargajiya a fage. Ana nuna ayyukansa a bukukuwan fina-finai na ƙasashen waje. Ɗalibanmu nawa suka taɓa jin sunansa daga bakinmu? A nan gida kuma, wasan Kwagh-hir na Tibi, mai haɗa 'yan tsana da labari da kiɗa, ya shiga jerin gadon al'adun duniya na UNESCO a 2019. Maƙwabtanmu sun ɗaukaka nasu, mu kuwa muna korar namu daga gasa.

Babbar hujjarmu ita ce wadda ta shafi adabi kai tsaye. Tun daga tarin Frank Edgar na 1911 zuwa 1913 har zuwa Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, taskar tatsuniyarmu cike take da dabbobi masu magana da dodanni da abubuwan al'ajabi. Ta yaya za a kai su fim? Ba za a koya wa kura ta gaske ta ɗauki sirdi ba, idan kuwa aka sa wa ƙato fatar roba aka ce shi ne Dodo, dariyar da ba a nema ba ita za a samu. 'Yar tsana ce ke warware wannan matsala, domin mai kallo ya riga ya yarda tun farko cewa duniyar ƙaga ya shiga, kamar yadda yaro ke yarda da zarar kaka ta buɗe tatsuniya da dare. Ɗalibar nan ta zaɓi jigo, ta tsara zubi, ta fitar da halin taurari, ta rubuta maganganunsu da Hausa mai kyau, har da tsamin bakin Gizo. Waɗannan su ne ma'aunan da muke koyarwa a aji. Da wane ma'auni aka kayar da ita?

Hatta dabarun ruɗin ido da ta yi amfani da su sun cancanci nazari. Auduga ta yayyaga ta zama ƙurar da kura ke tayarwa. Da Gizo zai yi tsalle, da siririyar waya ta rataye shi, sannan ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ta goge wayar. Bayan 'yan tsanan ta shimfiɗa koren ƙyalle, daga baya manhaja ta cire koren ta maye gurbinsa da hoton daji. Abin da kambamawa da siffantawa ke yi wa waƙa, shi waɗannan dabaru ke yi wa hoto.

Ba mu ce masu suka ba su da abin faɗa ba. Gaskiya ne cewa yawancin abin da matasa ke yi a wannan fage kwaikwayo ne tsagwaronsa, sojojin roba da 'yan mutanen Lego suna harbe-harbe babu labari babu darasi. Sai dai laifin wa ke nan? Yaron da ya tashi yana ƙera motar kara da shanun laka yana da gadon wannan sana'a a hannunsa, abin da ya rasa shi ne malamin da zai ce masa ya ɗora wa shanunsa labari. Akwai kuma masu ɗari-ɗari ta fuskar addini game da sura. Wannan fage ne na malamai, kuma su ne suka karantar da mu cewa an ruwaito Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana, har da yawa daga cikinsu suka yi rangwame a kan na yara. Mai tantama ya tambaye su, kada ya fake da su.

Ya kamata a ce tarihi ya koya mana hankali. A shekarun 1990 an yi ta kai ruwa rana a jaridu kan littattafan soyayya da aka laƙaba wa sunan adabin kasuwar Kano, haka kuma aka yi wa fina-finan bidiyo da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990 kallon hadarin kaji. Yau ga shi a kansu ake rubuta kundayen digiri. Mun saba jiran abu ya girma ba da hannunmu ba, sa'annan mu zo da alƙalami muna neman mu gyara masa zama.

Mu da ke koyar da Hausa nesa da ƙasar Hausa mun fi kowa sanin abin da ke cikin haɗari. 'Ya'yanmu na Sabo a Ibadan da Agege a Legas suna kallon zane-zanen talabijin da Ingilishi tun kafin su iya gaisuwa da Hausa, kakannin da za su yi masu tatsuniya kuwa suna can Arewa. Fim na minti uku da zai shiga wayar uwa ya isa inda kundayenmu ba su taɓa isa ba.

Saboda haka muna kira da a yi abu uku. A buɗe wa irin wannan aiki gurbi a gasar sashe ta kowace shekara. A yarda ɗalibin darasin ƙagaggen rubutu ya miƙa shi a matsayin aikin aji, tare da rubutaccen labarinsa. A kuma sa Moustapha Alassane cikin abin da ake karantarwa. Kuɗin da ake bukata bai wuce na fitila biyu da abin kafa waya ba. Ita kuwa ɗalibar da aka tauye, sashe ya kira ta ya sake nuna fim ɗinta, a wannan karon a ba shi maki.