Mai ɗaga ƙarfe, kada ka yi gaba da tuwo

A makon jiya wani saurayi ya shigo kantin maganin da nake aiki yana neman maganin jiri. Da na bincika, sai ya ce kwana goma ke nan bai ci shinkafa ko tuwo ko burodi ba, kuma kullum yana ɗaga ƙarfe. Yana murna wai ya rage kilo 2. Idan kai ma kana kan wannan hanya, tsaya ka ji.

Wannan kilo 2 yawancinsa ruwa ne. Jiki yana mayar da sitacin da muka ci ya zama suga, ya ajiye shi a tsoka da hanta, ajiyar da ake kira gilaikojin. A jikin baligi takan kai kusan giram 500, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kimanin giram 3. Idan ka daina cin sitaci, ajiyar za ta ƙare, ruwan ya bi fitsari, sikeli ya sauka, alhali teɓa tana nan daram. Ranar da ka ci malmala biyu, nauyin ya dawo.

Ga kuma inda gizo ke saƙar: wannan ajiya ita ce man da tsoka ke ƙonawa idan kana ɗaga nauyi mai yawa. In babu ita, ƙarfen da ka saba ɗagawa sau goma sai ka gaji a na shida, ga ciwon kai, ga saurin fushi. Matan aure da yawa sun san wannan fushin.

Shi ya sa masu horarwa suka fito da tsarin juya sitaci. Ranar atisaye mai nauyi, kamar ranar ƙafa da baya, ka ci shinkafa, doya, dankali ko acca yadda ya kamata, kafin atisaye da bayansa. Ranar hutu ka rage zuwa rabi ko ƙasa da haka, ka cike kwanon da zogale, alayyahu, kabeji da miyar kuka. A ganina tsari ne mai kyau, domin mutum yana iya daɗewa a kansa. Sai dai ba sihiri ba ne. Kitse ba ya narkewa sai abin da ka ci a mako bai kai abin da jiki ya ƙona ba. Wanda ya bar tuwo ya koma soyayyen nama da man gyaɗa ya sani, giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci kuwa 4. Lemon kwalba da sugan shayi su ya kamata su fara tafiya.

Abin da ba ya sauyawa kowace rana shi ne abinci mai gina jiki. Mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar furotin kimanin giram 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 70 yana neman giram 112. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai, don haka sai an haɗa da kifi, awara, kindirmo da wake. Shi wake yana ɗauke da sitaci shi ma, a lissafa da shi.

Yanzu ɓangarena. Idan kana da ciwon suga, kana allurar insulin ko shan glibenclamide, rage sitaci ba tare da likita ya gyara maka magani ba yana iya sa suga ya faɗi, ka suma da ƙarfe a hannu. Masu shan empagliflozin ko dapagliflozin haɗarinsu daban ne, jininsu yana iya yin tsami, kuma wannan sai kwanciya asibiti. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin da kansa.

Akwai kuma samarin da ke zuwa neman Lasix wai don tsoka ta fito sarai. Ba na sayarwa. Maganin sa fitsari ne, yana zubar da ruwa da sinadarin fotasiyam, kuma yana iya rikita bugun zuciya.

Saurayin nan kuwa na auna jininsa da sugansa, na ce ya mayar da shinkafa ranakun atisaye, ya ajiye sikeli ya ari tef ɗin tela, ya riƙa auna ƙugunsa daidai cibiya duk bayan mako biyu.