"Ai Ɗanka Ne" Ba Kuɗin Gyara Ba Ce

Kowace Sallah sai unguwar nan ta cika da jitocin yara, na roba da na falanki, irin waɗanda ake sarowa daga Kano a baza a kasuwar Potiskum. Kafin sati biyu tsirkiya ta tsinke, ko makunnin ɗaure ta ya saki. Sai uba ya kama hannun yaro, ya nufi shagon mai gyaran rediyo ko kafinta, ya dire ta a kan benci: "Malam, ɗan taɓa masa ita, ai ɗanka ne." To jama'a, wannan "ai ɗanka ne" ta zama hanyar cin gumin mutane da sunan zumunci.

Mu faɗa wa juna gaskiya, araha ba ta ado. Irin wannan jita tun daga masana'anta ba a yi ta don ta daɗe ba. Katakon ba shi da kauri, gam ɗin da aka liƙa shi da shi ba ya jure zafin watan Afrilu na garin nan, iskar hunturu kuma ta busar da shi ya tsage. Da wuyanta ya lanƙwashe, ko an sa sabuwar tsirkiya sautin ba zai daidaita ba. Mai gyara zai kashe awa biyu yana liƙi da ɗauri, ya sa gam ɗinsa, wataƙila ma ya tada janareta, alhali kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. A ƙarshe a ce masa "Allah ya saka." In ta sake ɓallewa bayan kwana uku kuwa, sai a bi majalisa ana cewa wane bai iya aiki ba. Haba! Kai da za ka tsaya a kasuwar shanu ranar Laraba ka biya dillali la'adarsa ba gardama, me ya sa sai kan mai gyara hannunka yake ƙanƙancewa?

Su ma masu gyaran akwai tasu. Kunya ba sana'a ba ce. Kafin ka taɓa kayan mutum, gaya masa ƙarara: gyaran nan zai iya fin kuɗin sabuwa, kuma ba za ta dawo kamar da ba. In ya yarda, ku yi ciniki. In kuma ka dubi idon yaron ya ba ka tausayi, ka ga dama ka yafe, ka ce masa kyauta ce daga gare ka, don kada gobe ya ɗauka haka farashin yake. Alheri danƙo ne, amma mai shi ke bayarwa, ba a ƙwatar sa.

Iyayenmu da suka baro Kano, Katsina da Haɗeja suka zauna a nan, da sana'a da riƙon amana suka sami mutunci wurin Ngizim, Bolewa da Karekare. Yanzu ga shi wasu masu gyara sun fara cewa ba sa karɓar kayan yara kwata-kwata, don gudun ɓacin rai. Wa ya yi asara? Yaron da ya tsaya da jitarsa a hannu.

Saboda haka, in za ka kai gyara, ka tambayi kuɗi tun a bakin ƙofa. In an yafe maka, ka yi godiya a gaban ɗanka, ya ga cewa aikin hannu yana da daraja.