Keken Faransa, fedar Kano

Duk wanda ya gaji tsohon keken tsere na Peugeot ko Motobécane a Agadas ya san ƙarfensa ba ya saurin mutuwa, kayan gyara ne ke kashe shi. Har wajen 1980, masana'antun Faransa bisa awon milimita suke yanka haƙoran ɗauri, alhali kayan Sin da Indiya da fatake ke kawowa daga Kano awon Ingila gare su.

Bambancin bai fi kaurin farce ba: bakin fedar Faransa milimita 14 ne, na Ingila 14,3. Feda takan kama, ta zagaya sau biyu, ta cije. A nan ne mai gyara marar haƙuri ke ɗauko dogon sufana ya danna, haƙoran hannun fedar su zube, domin alminiyam ne. Mai keke ya biya ladan aiki, ya kuma rasa abin da samunsa sai an sha wuya.

Sarƙa ma haka: ta Phoenix ta yi wa giya biyar faɗi.

Abin yi shi ne a sa masu aikin ƙarfe su sake yanka haƙoran bisa awon Ingila, a tuna musu cewa fedar hagu ta hagu take ɗaurewa.