Allurar ƙiba ba ta gina ƙashi

Idan Layya ta rage wata uku, masu turka raguna a Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa tambaya ɗaya suke yi mini: "Malam, wace allura ce ke sa rago ya yi saurin girma?" Na daɗe ina aikin lafiyar dabbobi a wannan yanki, amsata kuwa har yau ba ta canja ba. Abin da ke sa dabba girma tuni yana jikinta. Abincin da zai yi aiki da shi ne muke hana ta.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kowace dabba akwai wani ɗan ƙullutu da ke fitar da sinadarin girma zuwa cikin jini. Sinadarin yakan isa hanta, hanta ta saki wani mai suna IGF-1, su biyun su nufi bakin dogayen ƙasusuwa. A nan akwai guringuntsi mai taushi da ke ƙaruwa a hankali yana rikiɗa ƙashi. Ta haka ƙafar ɗan rago ke tsawo. Idan dabba ta gama tasawa, guringuntsin ya ƙafe, ƙashi ba zai ƙara tsawo ba ko me aka ɗura mata.

Ga inda masu kiwo ke yin kuskure. Sinadarin girma magini ne, amma ba ya zuwa da tubali. Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙori yake, tare da mafi yawan fosfaras, kuma duka daga abinci suke fitowa. Dabbar da yunwa ta kama, ko da sinadarin ya yi yawa a jininta, hantarta ba ta amsa kiransa. Shi ya sa marakin da ya sha wuyar rani yake tsumburewa.

Rani kuwa ya ƙara tsanani a fadamarmu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke barin ɗanyar ciyawa bayan janyewar ruwa ta sauya, ciyawar kachala ta mamaye makiyaya da dama a wajen Guri da Kiri Kasamma. Sai mutane suka jingina da dusa, musamman ta alkama. Dusa tana da fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, alhali rago na bukatar kalsiyam kamar ninki biyu na fosfaras. Ragon da aka cika wa ciki da dusa zalla zai yi nauyi a kan ƙashi mara ƙwari. Na sha ganinsu: Balami mai kyan gani, gwiwa ta kumbura, yana cin abinci a durƙushe. Wasu kuma tsakuwa ce ke toshe musu fitsari, su mutu ana saura kwanaki a kai su kasuwa. Kanwa ba ta magance wannan, domin ba sinadarin ƙashi ba ce.

Abin da ake sayarwa da sunan allurar ƙiba ya fi tayar mini da hankali. Galibi deksametazon ne, maganin kumburi, ba shi da alaƙa da sinadarin girma. Idan aka daɗe ana yin sa, yakan danne ƙwayoyin da ke gina ƙashi, ya kuma raunana garkuwar jiki.

Ko sinadarin na gaske ma bai bar dabbobi lafiya ba a inda aka gwada shi. Amurka ta amince a yi wa shanun madara allurarsa a 1993. Kanada ta ƙi a 1999, bayan kwamitin likitocin dabbobi ya gano cewa haɗarin gurguncewa na ƙaruwa da kusan rabi. Tarayyar Turai ita ma ta haramta shi a shekarar. Waɗannan shanu ne da ake auna wa abinci a ma'auni, ina ga namu?

Ni dai shawarata ga ɗan'uwa mai turka ita ce ya sa kuɗin allurar a harawar wake ko ta gyaɗa, don suna da kalsiyam, ya haɗa da dusar daidai gwargwado. Ya bar ragon ya riƙa motsawa yana shan hantsi, domin tafiya na ƙarfafa ƙashi. Masu shanun huɗa kuma su daina ɗora wa ɗan maraƙi amalanke tun bai famfare ba. Ina roƙon malaman kiwo na Kwalejin Binyaminu Usman da ke nan Haɗejiya su fito da wannan bayani zuwa karar dabbobi, da Hausa.

Mai saye ma yana da nasa. Dabbar da gurguntakarta ta bayyana ba ta halatta a Layya. In ka je Maigatari ranar Alhamis, ka ce wa dillali ya kwance ragon, ka ga tafiyarsa kafin a yi ciniki.