Daga Majigi Zuwa Gidan Kallo: Me Tsofaffin Finafinan Zambo Za Su Faɗa wa Matasan Karaye da Rogo?

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa hujjar cewa ba a kai mata su ta tace ba. An yi ta muhawara kan abin da za a hana nunawa gobe. Abin da aka riga aka rasa, wato tsofaffin wasannin zambo da suka yi wa masu iko ba'a shekaru da dama da suka wuce, ba a cika tambayar inda suka shiga ba.

Kallo a bainar jama'a tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin Turawa motar majigi ke shiga ƙauyuka, a kafa farin allo a fili bayan sallar isha'i, a nuna finafinai irin su Baban Larai don koyar da noma. Hukuma ce ke magana, talaka yana saurare. Da talabijin ya zo sai masu wasa suka sami kafar mayar da martani. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a Nuwamban 2023, ya yi shekaru yana kwaikwayon tsawa da gurguwar Hausar sojan bariki a daidai lokacin da sojoji ke mulkin ƙasa. Karkuzu a Jos da Golobo a Sakkwato su ma sun caccaki haɗama da ƙaryar arziki.

Sirrin waɗannan wasanni shi ne sun fi sukar hali a kan ambaton suna. Shi ya sa ba su tsufa. A Nijar, Moustapha Alassane ya yi wani gajeren fim na zane a 1966 mai suna Bon voyage Sim, inda kwaɗo ne shugaban ƙasa, yana tafiye-tafiyen alfarma. A Senegal, Ousmane Sembène ya fitar da Xala a 1975, labarin wani attajiri cikin sababbin masu mulki wanda mazakutarsa ta mutu a daren aurensa na uku. Duk matashin da ya ga jerin gwanon motocin ɗan siyasa zai gane waɗannan mutane ba tare da tafinta ba.

Idan zambo ya kusanci mutum ɗaya kuwa, tarihin Kano ya nuna abin da ke biyo baya. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Rabilu Musa Ibro wata biyu kan fim ɗin Ibro Aloko, hukuncin da mutane da yawa suka danganta da wata waƙa da aka ɗauka shaguɓe ce ga gwamnan lokacin. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 da sharar harabar kotu saboda ba'ar da suka yi wa Gwamna Abdullahi Ganduje a TikTok.

Karaye da Rogo sun san jujjuyawar mulki. An ɗaga Karaye zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe ta a Mayun 2024, aka sake kafa ta a daraja ta biyu cikin Yulin shekarar, da ƙananan hukumomin biyu a ƙarƙashinta. Matashin da ya shaida wannan cikin shekara biyar yana bukatar harshen da zai tattauna mulki da shi ba tare da zagi ko bambaɗanci ba. Tsohon zambo yana koyar da wannan harshe. Wurin nunawa kuma a shirye yake: gidajen kallon ƙwallo suna da allo, janareto da kujeru, kuma ba kullum ake buga wasa ba.

Babban cikas shi ne samun finafinan. Yawancin wasannin talabijin na da a kaset aka naɗe su, kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda ya fito a 1976, an daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Idan fim mai wannan daraja ya kusa salwanta, ina ga Golobo?

Don haka aikin farko yana wuyan tashoshin NTA da ARTV da jami'o'i irin su Bayero: su mayar da abin da ya rage zuwa na'ura, su sake shi ga jama'a. Na biyu yana wuyan hukumar tacewa, ta sauƙaƙa izinin nuna tsofaffin ayyuka. Na uku na ƙungiyoyin ɗalibai da matasan Karaye da Rogo ne: dare ɗaya a wata, fim ɗaya, sai tattaunawa da dattawan da suka kalle shi a zamaninsa. Kafin zaɓen 2027, wannan zai fi gangami da yawa amfani.