Sarkin Musulmi Bello ya nemi likita daga Ingila, mu kuma muna ajiye ƙwayar asibiti

Ranar Juma'a, muna fitowa masallaci a Nima, na tarar da wani mai tallar magani ya tara jama'a, 'yar kwalba a hannunsa. Homiyofati ne, in ji shi, yana kashe hawan jini da ciwon suga da basur. Wata Hajiya ta ce ai ita ƙwayar asibiti take sha. Sai ya ce, "Haba Hajiya, kakanninmu na Sakkwato asibiti suka je?"

Har na isa gida Alajo maganar tana cina, don Sakkwaton da ya ambata tana da amsarsa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837. Shi kansa ya yi rubutu a kan magani da Larabci: yana da littafi a kan basur, yana da wani a kan ganyen filasko, yana da na maganin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ba wanda zai koya masa darajar itatuwa. Amma da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema har da a turo masa likita daga Ingila ya zauna a garin. Mutumin da ya san ganye haka, bai ji kunyar neman abin da wasu suka sani ba.

To homiyofati fa, namu ne? Ko kusa. Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, ya ƙirƙiro shi a 1796. Ana ɗaukar ɗigo ɗaya na magani a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza, a sake ɗiban ɗigo ɗaya daga ciki, a maimaita. Idan ka ga 30C a jikin kwalba, sau 30 aka yi haka. A lissafi, kafin a kai nan ba abin da ya rage na maganin farko. Filasko kuwa ko ba ka yarda da shi ba, ka sha ka gani, cikinka zai ba ka labari. Faransa ma, inda homiyofati ya yi kasuwa sosai, ta daina biyan kuɗinsa a inshorar lafiya tun 2021.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake cusa shi cikin buhu ɗaya da maganin gargajiya. Gana ta yi wa ganye hanya: akwai cibiyar binciken maganin itatuwa a Mampong Akuapem tun 1975, akwai dokar masu maganin gargajiya ta 2000, jami'ar KNUST a Kumasi tana yaye likitocin ganye. Can ana aunawa, ana gwadawa.

Na san dalilin da ya sa ake sauraron mai kwalba. Layin asibiti dogo ne, shi kuwa da Hausa yake magana, yana kiranka Alhaji. Sai dai hawan jini ba ya sallama. Mutum na jin garau har ranar da ɓarin jiki zai shanye.

Hajiyar ta sayi kwalba biyu. Na bi ta na ce, "Hajiya, don Allah kar ki ajiye ta asibitin, ki leƙa Maamobi a auna ki." Ta ce insha Allahu bayan bikin jikarta.